Ƙidaya da Sauraro: Matsayin Bincike a Sashen Likitocin Sa Barci

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi wa mutum tiyata ya tashi lafiya, likitan da ya riƙe wuƙa shi ake yabo, shi kuma dangi ke nema su yi wa godiya. Da wuya a ji wanda ya tambayi sunan wancan da ya tsaya ta wajen kan majinyaci tun daga farkon aiki har ƙarshensa, yana kula da numfashinsa, yana lura da bugun zuciyarsa. Wannan shi ne likitan sa barci. Saboda aikinsa a ɓoye yake, mutane da yawa, har da wasu masu ilmi a cikin jami'a, sun ɗauka sana'ar hannu ce kurum: a tsira allura, mutum ya yi barci, a gama aiki, a tashe shi. Wanda duk ya ɗauki abin haka, in aka ce masa sashen waɗannan likitoci yana bukatar kuɗi da lokaci domin bincike, gani zai yi ɓarnar dukiya ce.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa bincike a wannan sashe wani ɓangare ne na tsaron ran majinyaci, kuma jami'ar da ta bar shi a baya ta bar rayukan mutane a hannun sa'a. Zan kafa hujja da tarihin sashe guda, watau na Babban Asibitin Massachusetts da ke birnin Boston a Amurka, inda Jami'ar Harvard ke horar da likitoci. In mun duba tarihin nan da kyau za mu ga binciken da ya yi amfani ya tsaya ne bisa ƙafa biyu: ƙidaya waɗanda suka mutu, da sauraron waɗanda suka rayu. Ita ƙafa ta biyun nan kuwa, kamar yadda mai karatu zai gani, ta ratsa ta tsakiyar gonarmu, mu ɗaliban harshe.

Barcin da ba barci ba

Kafin mu yi nisa, kamata ya yi mu san ko mene ne wannan aiki. Mai barcin gaske in an mintsine shi farkawa yake yi. Wanda aka sa wa maganin tiyata kuwa ana tsaga cikinsa bai motsa ba, domin an yi masa abu uku a lokaci guda: an gusar da hankalinsa, an kashe masa jin zafi, an kuma sassauta tsokar jikinsa. Magungunan da ke yin wannan aiki su ne kuma ke rage ƙarfin numfashi, su saukar da bugun jini, su hana mutum tarin da yake kare huhunsa da shi in wani abu ya sarƙe shi. Ƙwaƙwalwa kuwa, in ta rasa iskar oksijin na 'yan mintoci kaɗan, lalacewa take yi ba gyara. Ashe ke nan tsakanin magani da guba a nan tazarar ba ta da yawa, kuma likitan sa barci a cikin wannan 'yar tazara yake aikinsa kullum.

A wannan asibiti na Boston ne, ran 16 ga watan Oktoba 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi maganin eta a gaban taron likitoci, John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da ihun da aka saba ji ba. Kafin shekarar ta ƙare labari ya ƙetare teku, an yi irin wannan aiki a Landan. Amma ba a daɗe ba murna ta gamu da cikas, domin cikin watan Janairu 1848 wata yarinya 'yar shekara 15 ta mutu a Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom, alhali farcen ƙafa kawai za a cire mata.

Duk da haka, shekaru da dama bayan wannan, a yawancin asibitoci ƙananan ma'aikata da ɗalibai ake bar wa aikin. Sai cikin 1927 Ralph Waters ya fara kafa shi a matsayin fannin ilmi mai zaman kansa a Jami'ar Wisconsin. A Boston kuma aka naɗa Henry Beecher shugaban aikin cikin 1936, sa'an nan cikin 1941 Harvard ta ɗora shi bisa kujerar farfesa wadda aka keɓe wa binciken wannan fanni. Daga nan labarinmu ya soma.

Ƙafa ta farko: ƙidaya

Tambayar da Beecher ya yi tana da sauƙin faɗi, amma ba wanda ke son jin amsarta: mutum nawa maganin sa barci ke kashewa? Shi da abokin aikinsa Donald Todd suka shirya da asibitocin jami'a goma a Amurka, aka riƙa rubuta kowane aiki da abin da ya biyo bayansa tun daga 1948 har zuwa 1952. Da suka buga sakamakon cikin 1954, sun tara ayyuka 599,548. Suka sami cewa a cikin kowane aiki 1,560 akwai mutuwa ɗaya wadda sa barci ke da hannu a cikinta. Suka kuma yi lissafi cewa waɗanda ke mutuwa ta wannan hanya a Amurka sun fi waɗanda shan-inna ke kashewa yawa, a zamanin da shan-inna ke firgita kowane gida a ƙasar.

Akwai wani abu kuma da ya tayar da ƙura. Cikin 1942 Harold Griffith ya shigo da kurare cikin aikin tiyata a birnin Montreal na Kanada. Shi kurare asalinsa dafin kibiya ne na mafarautan Amurka ta Kudu, aikinsa kuwa shi ne sassauta tsoka. Beecher da Todd suka ga cewa a cikin waɗanda aka ba irin wannan magani mutum ɗaya ke mutuwa cikin 370, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa ɗaya cikin 2,100. Sai suka yanke cewa shi kansa maganin ne ke da guba. Wasu manyan likitoci suka haɗu suka rubuta musu raddi cikin 1955, daga baya kuma ta bayyana cewa yawancin laifin yana ga yadda ake amfani da maganin: yakan shanye tsokar numfashi, saboda haka tilas a taimaka wa majinyaci da numfashi har ƙarfin maganin ya ƙare, ko a ba shi makarinsa kafin a fitar da shi.

To, a nan akwai darasi. Alƙaluman Beecher sun nuna inda haɗari yake, fassarar da ya yi musu ce ta karkace. Amma da yake ya baje su a fili, wasu suka sami abin da za su gwada, suka gyara masa. Da kowane asibiti ya binne gawarsa ya yi shiru, da ba wanda zai san akwai abin gyara.

Bayan Beecher ya bar aiki sashen bai bar ƙidaya ba. Cikin 1978 wani injiniya a sashen mai suna Jeffrey Cooper, shi da abokan aikinsa, suka ari wata dabara daga masu binciken haɗarin jiragen sama. Suka zauna da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, suka ce kowa ya ba da labarin kuskuren da ya gani ko ya yi, ba tare da tsoron horo ba. Suka tara aukuwa 359 waɗanda da an kula da ba su faru ba. Kashi 82 cikin ɗari kuskuren ɗan Adam ne: bututun numfashi ya cire ba a lura ba, an ɗauki wannan sirinji a maimakon wancan, an murɗa makunnin iskar da ba ita ake nufi ba. Maganin wannan bai zama zagin ma'aikata ba. An sake fasalin na'urori yadda kuskure zai yi wuya, sa'an nan cikin 1986 asibitocin Harvard suka buga ƙa'idoji na tilas, waɗanda suka haɗa da cewa mai sa barci ba zai bar ɗakin ba muddin ana aiki, kuma zai auna bugun zuciya da na jini aƙalla kowane minti biyar. A cikin shekarar ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta kafa irin waɗannan ƙa'idoji ga ƙasa baki ɗaya.

Ko an sami riba? Wani nazari da mujallar Lancet ta buga cikin 2012, wanda ya tattara rahotanni daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa mutuwar da sa barci kaɗai ya jawo ta sauka daga 357 cikin miliyan kafin shekarun 1970 zuwa 34 cikin miliyan a shekarun 1990 da 2000. Sababbin magunguna da na'urori da horon ma'aikata duk suna da rabonsu a wannan nasara, amma ƙidaya ce ta nuna wa kowannensu inda zai dosa. Nazarin ya kuma nuna cewa ƙasashe masu arziki su ne suka kwashi mafi yawan wannan sauƙi.

Ƙafa ta biyu: sauraro

Zafin jiki ana auna shi da ma'auni, bugun jini ma haka. Amma har yau babu na'urar da za a ɗora wa mutum ta faɗi yawan azabar da yake ji. Hanya mafi inganci ita ce a tambaye shi, shi kuma ya amsa da bakinsa.

Beecher ya fahimci wannan a fagen fama. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da sojan Amurka a Afirka ta Arewa da Italiya, har da gaɓar Anzio inda aka gwabza ƙazamin faɗa cikin 1944. Ya tambayi sojoji 215 masu munanan raunuka, waɗanda ke cikin hankalinsu, ko suna son maganin zafi. Kusan kashi uku cikin huɗu suka ce ba su bukata. Ya buga wannan cikin 1946, ya kuma yi bayanin cewa ga sojan da aka ɗauko daga bakin daga, rauni takardar sallama ce daga mutuwa, alhali ga farar hula irin wannan rauni farkon masifa ne. Watau girman rauni dabam, girman azaba dabam, kuma ma'anar da mutum ya ba ciwonsa tana ƙara shi ko ta rage shi.

Da ya koma Boston sai ya mai da wannan fahimta tsarin bincike. In ana son a san ko sabon magani yana kashe zafi, sai a raba majinyata, a ba wasu na gaske, a ba wasu maganin wofi mai kama da shi, ba tare da majinyaci ko mai tambayarsa sun san wanne aka ba wa ba. Cikin 1955 ya rubuta cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na majinyata kan ce sun sami sauƙi daga maganin wofi. Masana na baya sun soki wannan adadi, domin wasu ciwon da kansu suke lafawa ko ba a ba da kome ba. Amma tsarin gwajin ya zauna daram, da shi ake tace magunguna har yanzu.

Daga nan aka ƙara taki ɗaya a wata jami'ar. Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada, shi da Warren Torgerson, suka tara kalmomi 102 da masu jin Ingilishi ke siffanta ciwo da su, suka rarraba su aji-aji, suka sa likitoci da majinyata su jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Mujallar likitocin sa barci ta Amurka ce ta buga wannan aiki cikin 1971, ko da yake duk wanda ya karanta shi zai ga nazarin ma'anar kalmomi ne tsantsa. Daga cikinsa aka fitar da takardar tambayoyi ta McGill cikin 1975, mai kalmomi 78 a rukuni 20. Da aka zo kai ta wasu ƙasashe sai aka ga fassara kalma da kalma ba ta wadatarwa, har masana a Finlan da Italiya suka koma suka tattaro kalmomin ciwo daga bakin mutanensu, suka gina tasu.

Sauraro yana da wani reshe, shi ne neman yardar wanda za a yi bincike a kansa. Cikin 1966 Beecher ya buga maƙalar da ta girgiza likitocin Amurka, inda ya jera bincike 22 da aka buga a mujallun likitanci, waɗanda aka jefa mutane cikin haɗari a cikinsu ba tare da an nuna sun sani sun yarda ba. Shi kansa bai tsira daga zargi ba, domin masana tarihi sun soki gwaje-gwajen ƙwayoyi masu juya hankali da ya yi da kuɗin sojan Amurka a shekarun 1950. Mu a nan ba sai an ba mu labarin nauyin wannan magana ba. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa sun kuma yarda da baki. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano cikin 2009. Wani babban ɓangare na wannan rigima a kan magana yake: me aka faɗa, da waɗanne kalmomi, me kuma aka fahimta.

Masu cewa ba mu kai nan ba

Wani zai ce duk wannan labarin masu hali ne. Tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta ce kamata ya yi a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, amma ƙidayar da ta buga cikin 2017 ta nuna ƙasashe da yawa na Afirka, har da Nijeriya, ba su kai ko ɗaya ba. Likitan da ke fita daga wannan ɗakin tiyata ya faɗa wancan, yaushe ya ga lokacin bincike? Ai sai a bar Turawa su bincika, mu kuwa mu karanta mu yi aiki da shi.

Wannan magana tana da kamshin gaskiya, kuma na yarda cewa ba hikima ba ce jami'ar da ke fama da wutar lantarki ta ce za ta yi gasa da Harvard wajen sayen na'urori masu tsada. Amma maganar ta rushe ta fuska biyu.

Ta farko, binciken da aka yi a jikin wasu ba kullum yake dacewa da namu ba. Ga misali. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa domin ta nuna yawan oksijin da ke cikin jininsa, wadda wani injiniya Bajapane, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Haske take harbawa ta cikin fata. Cikin 2005 masu bincike a sashen sa barci na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka nuna cewa in oksijin ya yi ƙasa, na'urar takan nuna adadin da ya fi na gaskiya a jikin masu baƙar fata. Cikin 2020 wani nazari a Jami'ar Mishigan ya sami cewa sau da yawa na'urar kan ce lafiya lau alhali jini ya rasa iska, kuma hakan ya fi aukuwa ga baƙaƙe kusan ninki uku bisa farare. Na'urar tana da amfani ƙwarai, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma wa ya fi cancanta ya gwada ta, in ba sashen da kusan dukan majinyatansa baƙaƙe ne ba? Haka nan maganar masu amosanin jini, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, kuma ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa lokacin tiyata kan tayar musu da ciwo.

Ta biyu, ƙidaya ba ta bukatar dukiya mai yawa. Farfesa Bruce Biccard, wanda ya yi aiki a sashen sa barci na Jami'ar Cape Town, Afirka ta Kudu, ya jagoranci wani bincike cikin 2016 inda kowane asibiti ya rubuta abin da ya sami majinyatansa na mako ɗaya tak. Asibitoci 247 a ƙasashe 25 suka shiga, har da Nijeriya, aka tara majinyata 11,422. Sakamakon da aka buga cikin 2018 ya nuna kashi 2.1 cikin ɗari sun mutu, kuma a tiyatar da ba ta gaggawa ba mace-macen sun kai ninki biyu na abin da aka gani a irin wannan bincike na duniya, alhali majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya, sun kuma fi ƙarancin wasu cututtuka. Abin mamaki, kashi 94 cikin ɗari na mace-macen sun faru ne a kwanakin da suka biyo bayan ranar tiyata, lokacin da majinyaci ke kwance yana jinya. Cikin 2019 aka fitar da ɓangaren matan da aka yi wa tiyatar haihuwa: kimanin mace ɗaya cikin 200 ta rasu, ninki hamsin ke nan bisa ƙasashe masu arziki. Da aka gwada ƙara sa ido a kan majinyatan da suka fi shiga haɗari, sakamakon 2021 ya nuna mace-macen ba su ragu ba. Wannan ma ilmi ne, domin ya hana a ruɗi kai da maganin da bai isa ba, ya tilasta a sake tunani. Kayan aikin wannan bincike duka ba su wuce takarda da alƙalami da gaskiya ba.

Rabon ɗalibin Hausa

Yanzu bari mu dawo gida. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato suna tare da jami'o'in da ake nazarin Hausa a cikinsu, kuma akasarin majinyatan da ke kwanciya a gadajensu da Hausa suke faɗin ciwonsu. Ga wurare huɗu da nake ganin likita yana bukatar masanin harshe.

Na ɗaya, gaisuwa. In ka tambayi Bahaushe mara lafiya yaya jiki, amsar da ladabi ya tanada ita ce da sauƙi, ko da kuwa yana murƙususu. Ma'aikacin da ya rubuta wannan amsa a matsayin rahoton ciwo ya rubuta gaisuwa ce kawai. Sai an bincika an gano irin tambayar da ke buɗe bakin majinyaci bayan an gama gaisawa.

Na biyu, kalmomin ciwo. Muna da zafi, da zogi, da raɗaɗi, da suka, da ƙuna. Kai sarawa yake yi, ciki ya murɗa, ido ya yi yaji, gaɓoɓi su yi tsami, ƙirji ya ɗaure. Waɗannan ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma bambancinsu yana iya nuna wa likita ko ciwon na jijiya ne, ko na hanji, ko na ƙashi, alhali kowanne da irin maganinsa. Wanne ya fi tsanani a kunnen Bakano, raɗaɗi ko zogi? Basakkwace da Badamagare sun yarda da shi? Cikin 2020 masana gashin jiki a Kano sun buga fassarar ma'aunin ciwo na lamba zuwa Hausa, suka gwada shi a kan masu ciwon baya. Wannan abin yabo ne, ya kuma nuna hanya. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne irin aikin Melzack, watau a tattaro kalmomin daga bakin masu harshen.

Na uku, dauriya da kunya. Al'adarmu tana yabon macen da ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba, musamman a haihuwar fari, tana kuma kushe namijin da ya yi raki. Wannan tarbiyya tana da kyaunta, amma a gadon asibiti tana iya sa a hana mutum maganin da yake bukata, a ɗauka shirunsa sauƙi ne. Ciwon da ba a kashe ba bayan tiyatar ciki yakan hana mutum jan dogon numfashi da tari, daga nan huhu ya kamu. In ma'anar rauni ta sauya abin da sojan Anzio ya faɗa, to lalle kunya tana sauya abin da mai jego za ta faɗa, kuma wannan abin aunawa ne.

Na huɗu, umurni da neman yarda. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce majinyaci ya bar abinci da madara sa'a shida kafin tiyata, ruwa zalla kuwa sa'a biyu, domin abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya faɗa huhu in hankali ya gushe. To, a Hausa fura da kunu da koko shan su ake yi, haka ma mangwaro da rake. Wanda aka ce wa kada ya ci kome, in ya ɗaga ƙwaryar fura da nono da asuba bai karya umurni ba a nahawunsa, amma ya jefa ransa cikin haɗari. Haka kuma wadda aka ce za a sa ta barci, sa'an nan aka yi mata allurar baya wadda ke kashe rabin jiki ido biyu, tana iya firgita ta ɗauka magani ne bai kama ta ba. Kalma ɗaya a nan tana iya zama tsakanin rai da ajali.

Shawara

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko ga hukumomin jami'o'i da asibitocin koyarwa: a keɓe wa likitocin sa barci lokacin bincike a cikin jadawalin aikinsu, a kuma ajiye rajistar kowane aiki da abin da ya biyo bayansa, yadda ma'aikaci zai faɗi kuskure ba tare da tsoron a tozarta shi ba. Ta biyu ga malamanmu: a cikin kundayen da ɗalibai ke rubutawa a shekarar ƙarshe, a ba wasu aikin tattara kalmomin ciwo da na jinya daga karuruwan Hausa dabam-dabam, ƙarƙashin kulawar malami daga sashenmu da likita daga asibiti, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ta uku ga ɓangarorin biyu: takardun neman yarda da na umurni kafin tiyata a rubuta su da Hausar da ake ji, a boko da ajami, a kuma ɗauke su a murya saboda wanda bai iya karatu ba, sa'an nan a gwada su a kan mutane a ga abin da suka fahimta kafin a ce sun yi.

Kammalawa

Mun ga yadda sashe guda a Boston ya taimaka wajen mai da sana'a mai haɗari ta zama ilmi, ta hanyar ƙidaya matattunsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, da kuma ɗaukar maganar majinyaci a matsayin hujja. Mun ga ya yi kuskure, an kuma gyara masa domin ya baje aikinsa a fili. Mun ga kuma cewa amsoshin Boston ba su ƙare tambayoyin Kano ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majinyaci shi ne mai ɗakin, likita shi ne mai gyara, amma in ba su fahimci juna ba sai a yi ta yaɓe inda ba ya zuba. Aikin fahimtar da su juna kuwa ba wanda ya fi ɗalibin harshe cancanta da shi, kuma kowane ɗayanmu, ko uwarsa, ko matarsa, wata rana yana iya zama shi ne kwance a kan wannan gado.